Buhun wake 80 da jimillar da ba ta motsa ba

Ni ne na dage har maigidana ya amince mu bar Microsoft Office mu koma LibreOffice, manhajar rubuta takardu da jadawalin lissafi, a biron kamfaninmu na cinikin wake da riɗi da ke kusa da kasuwar Dole a Damagaram. Kuɗin lasisin kwamfutoci shida ya yi mana nauyi, ita kuwa wannan manhaja kyauta ce, kuma tsarin ODF da take adana takardu da shi ya samu amincewar ISO, hukumar daidaita ma'auni ta duniya, tun 2006, shekara biyu kafin na Microsoft. Sakatariyarmu ta yi mako ɗaya tana ƙorafi, daga nan ta saba, kuma a cikin gida ba mu sha wata wahala ba.

Kuskurena shi ne na saita kwamfutocin duka su riƙa adana komai a tsarin ODF, wato .odt na wasiƙu da .ods na jadawali, har da takardun da ke fita waje, ban tambayi kowa da wace manhaja yake buɗe abin da muke aika masa ba. Muka tura wa wani Alhaji, tsohon abokin cinikinmu a Kano, jadawalin oda mai ɗauke da yawan buhuna, farashi, kuɗin mota da jimilla. Yaronsa ya buɗe shi da Excel 2007 na Microsoft, wanda idan ya karɓi .ods daga wata manhaja yake zubar da ƙa'idojin lissafin da ke cikin gidajen jadawalin, ya bar adadin ƙarshe kawai kamar an rubuta shi da hannu. Yaron ya ƙara buhu 80 a kan odar, jimillar ta tsaya inda take. Mu muka yi lodi bisa yawan buhuna, shi kuma Alhaji ya biya bisa jimilla, kuma sai bayan mako uku mai lissafin kuɗinmu ya gano giɓin.

Da na kira shi na ce, "Ranka ya daɗe, akwai ragowar kuɗi a kanka," sai ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ni abin da takardarku ta nuna shi na biya." Gaskiya ya faɗa, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Daga baya na fahimci cewa sai a ODF 1.2 na 2011 aka daidaita yadda ake rubuta ƙa'idojin lissafi, kuma sai Office 2013 ne ya fara karanta su yadda ya kamata. Na haddace shekarun ISO don in rinjayi maigida, amma wannan batu, wanda tambaya ɗaya ta waya za ta fito da shi, ban neme shi ba.

Akwai wasu ƙananan matsaloli, irin su shafukan wasiƙa da ke gocewa saboda babu salon haruffa na Calibri, wanda sanya makamancinsa mai suna Carlito ya magance, amma ba su kai rabin wannan ciwo ba.

Ban janye daga ODF ba, domin ajiyar takardunmu tana nan a kansa. Sai dai yanzu duk takardar da aka kammala a PDF take fita, wadda za a gyara kuwa a .xlsx, tsarin Excel, kuma ina sauya adadi ɗaya in ga jimillar ta motsa kafin in aika. Alhaji ya biya ragowar kuɗin bayan wata biyu, amma har yau ba ya yarda a ɗora masa buhu ko ɗaya sai an karanta masa jimillar ta waya.