Kwana goma sha biyu muna huɗar teku

Shekaranjiya na sauka Kano, amma har yanzu in na kwanta sai in ji gado na rausaya da ni.

Daga Mindelo muka tashi, a tsibirin São Vicente na ƙasar Cape Verde, cikin jirgin ruwa na bincike mai zana taswirar ƙasan teku. A wani filin jirgi da muka yada zango, jami'in shige da fice ya juya fasfona ya fi sau biyar, ya ce me ya haɗa mutumin Arewa da teku. Na yi shiru. Matar da ta ba ni masauki a Mindelo ce ta wanke min zuciya. Da ta ji ni Musulmi ne, ta sake ɗora tukunyar kachupa, wato masara da wake, da kifi zalla ba naman alade, ta kuma ƙi karɓar ko sisi. Kasuwarsu kuwa sai a hankali. Eskudo 110 ne Yuro ɗaya, in ka lissafa kuɗin tumatir da naira sai ka ajiye shi.

Kwana biyu na farko amai na sha. Ran na uku aka zaunar da ni gaban kwamfuta, aikin dare, daga sha biyu zuwa huɗu. Na'urar auna zurfin teku tana manne a ƙarƙashin jirgin, tana harba sauti a buɗe kamar mafici, ta saurari amsa-kuwwa daga ɗaruruwan wurare lokaci guda. Sauti na cin kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, don haka a zurfin mita 4,000 sai ya yi fiye da daƙiƙa biyar kafin ya dawo. Zafi da gishirin ruwa na canza wannan gudun, shi ya sa muke tsayawa a zura ma'auni. In an yi sakaci, sai gefen taswirar ya lanƙwashe sama, Turawan su ce ƙasa ta yi murmushi.

Jirgin kuwa kaiwa da komowa yake kamar mai huɗa, kunya bayan kunya. Da ya juya alƙibla ta juya, kullum sai na leƙa wurin matuƙi kafin in tayar da salla. Ya saba har da ya gan ni yake nuna min da hannu.

Wani dare allon ya tashi daga shuɗi zuwa kore zuwa ja, alamar zurfin na raguwa. Dutsen Senghor ke nan, ya taso daga zurfin fiye da mita 3,000 har kansa ya kusa mita 100 da saman ruwa. Na tuna yadda muke haki a hawan Dala, dariya ta kama ni. Abin da aka auna haka a duk tekunan duniya bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu da ɗan ɗoriya ba, ga shi shirin Seabed 2030 na zana taswirar ƙasan teku na son a gama kafin ƙarshen 2030. Da wannan tafiyar hawainiyar, ni dai ina tantama.

Sauran kwanakin goge ɗigon ƙarya, wato awon da na'urar ta yi kuskure, muka yi ta yi daga bayanai. Burodi da cuku kullum. Yajin da Inna ta ɗaura min ya ƙare tun rana ta tara, don wani Bajamushe ya gano inda nake ɓoye shi.