Majigi ya dawo unguwarmu, amma ina fim ɗin Kanta?

Jama'a tsohon ɗakin kallon nan namu na Argungu da ya shekara da shekaru a garƙame, wanda jemagu da awaki suka mayar gidansu, ya tashi fa. Samarin unguwa ne suka yi karo-karo, wasu 'yan kasuwar shinkafa suka taimaka da kwano da siminti, aka sake rufi aka shafa fenti aka ɗora sola don kun san halin wuta, kuma maimakon a mayar da shi gidan ƙwallo yadda kowa ya ɗauka sai yaran nan suka ce a'a, tsofaffin finafinan tarihi za a riƙa sawa, maza daren Asabar bayan Isha'i, mata ranar Lahadi da hantsi an tottoshe tagogi da labule.

Ba da sauƙi dattawa suka yarda ba. Su a wurinsu sinima matattarar 'yan iska ce, wurin sigari da faɗa da yankan aljihu, kuma ba laifinsu ba ne haka suka san ta. Ko kafin a ƙaddamar da Shari'a a Gusau a 1999 mu ma Kebbi mu bi a 2000, kaset ɗin bidiyo ya riga ya kashe kasuwar, kowa ya koma kallo a ɗakinsa. Sai da aka je wurin mai unguwa da liman aka zayyana masu abin da za a nuna ɗaya bayan ɗaya sannan suka sa albarka.

Da fim ɗin Umar Mukhtar aka buɗe, na 1981, malamin nan na Libiya da ya yi shekara kusan ashirin yana yaƙar Italiya har suka rataye shi a 1931. Wannan kam kusan kowa ya taɓa ganin guntunsa a waya, amma waya daban allo daban wallahi. An samu wani malamin firamare ya riƙe makirufo yana fassara, wani lokaci ya wuce 'yan wasan wani lokaci su wuce shi, duk da haka da aka zo wurin da mayaƙan suke ɗaure ƙafafunsu don kada ma zuciya ta raya masu gudu ga tankokin yaƙi na tahowa, ɗakin nan kabbara ya ɗauka gaba ɗaya, har mai sayar da rake na bakin ƙofa ya bar baronsa ya leƙo.

Amma ni wanda ya tsaya mini a rai Shaihu Umar ne. Fim ɗin Hausa ne na 1976, Adamu Halilu ya shirya shi daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, Umaru Ladan ya fito a Shaihun. Da yawanmu mun karanta littafin a sakandare don jarrabawa kawai, ba mu ma san an taɓa yin fim ɗinsa ba. Ya daɗe a ajiye ba mai ganinsa, sai a 2016 aka gano faifansa a ma'ajiyar hukumar finafinai ta ƙasa, aka kai Jamus aka gyara, aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018. Wato dai Jamusawa sun riga yawancin 'yan zamaninmu ganinsa, ku duba fa.

Ba rawa ba waƙar soyayya, tafiyarsa a hankali take, har wasu samari na baya suka fara latsa waya suna ƙunƙuni wai fim ɗin ba ya gudu. To amma da aka sace yaron, aka shiga sahara da ayarin bayi, uwar kuma ta bar komai ta bi sawun ɗanta har ita ma aka sayar da ita, sai kowa ya nutsu. Hausar da suke yi ma abin saurare ce, gaisuwa a cike, ba wanda ke gaggawar magana. Ga rawuna ga sirdin dawaki ga zaure irin na da, ba kwalliyar kanti ko ɗaya.

Da aka kunna fitila ba wanda ya tashi. Wani tsoho da ke kusa da ni, carbi a hannu goro a kunci, ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗana, wanga abu da kag gani ba tatsuniya ba ta. Kakata da bakinta ta ba mu labarin yadda anka ɗauke ƙanenta wurin kiwo, har ta mutu ba ta sake jin ɗuriyarshi ba." Na ce Baba ai ba a faɗa mana irin wannan, ya ce to wa ya tambaya? Daga nan musu ya ɓarke, wani na cewa a bar tone-tone, wani na cewa in ba a faɗa ba yara za su ɗauka Turawa kaɗai suka yi cinikin bayi, aka kai sha ɗaya saura ana abu ɗaya, mai gadi na ta kaɗa makullai.

To ga inda abin ke mini ciwo. Shi Adamu Halilun nan ya yi fim a kan Kanta na Kabi a 1978. Kanta fa, wanda ya yi wa Askiya na Songhai tawaye ya kafa daularsa wajen 1516, ya gina Surame da ganuwar dutse da har yau kufanta na nan a jihar Sakkwato. Muna zaune a garin da gidan tarihi ke ɗauke da sunansa, tsohuwar fadar da Sarkin Kabi Yakubu Nabame ya gina aka mayar gidan tarihi a 1958, muna kai baƙi can duk lokacin bikin kamun kifi, amma a ɗakin nan cike da Kabawa da aka ce wanda ya taɓa ganin fim ɗin ya ɗaga hannu, tsofaffi ne 'yan ƙalilan suka ɗaga, su ma sun ce a majigin fili suka gani suna samari. Yaranmu sun san Umar Mukhtar har da tabaransa, Kanta kuwa sai suna a jikin allon makaranta.

Masu shirya kallon sun ce sun cigita ko'ina ba su dace ba, yanzu takarda suke shirin rubutawa zuwa ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos. Ni dai roƙona, duk wanda mahaifinsa ko kawunsa ya yi aikin gidan talabijin ko ma'aikatar yaɗa labarai zamanin tsohuwar jihar Sakkwato, don Allah a duba tsofaffin akwatuna da kabad, ko kaset ne da ya sha ƙura a kawo, akwai yaron da ya iya juyar da shi zuwa kwamfuta. Masu zuwa ranar Asabar kuma ku taho da tabarma, kujerun roba ba sa isa.