Godiya ga waɗanda suka tsaya mini a hanyar Sail

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya motata ta hau Ɗa'if da cikakken tankin ruwa, ta sauko Makka lafiya, allurar zafin man giyarta ba ta wuce digiri 200 ba. Shi ya sa yau na zauna in sauke nauyin godiyar da ke wuyana tun ranar da ta ajiye ni a hanyar Sail, wadda ke tsakanin Makka da Ɗa'if.

Ga wanda bai san ta ba, tsohuwar motar sojan Amurka ce, M923, mai ɗaukar tan 5, injin Cummins, giyarta Allison mai canza kanta. Na saye ta hannun wanda ya ɗauko ta a gwanjo, na ɗora mata tanki ina kai wa garken surukina ruwa.

Laifin nawa ne, gara in faɗa da bakina. Na makara, na fita da hantsi a tsakiyar watan Agusta, ga kaya, ga hawa, don tsakanin Makka da Ɗa'if tudun ya haura mita 1,500. Ina kallon allura ta wuce 250, na ce bari in lallaɓa in kai miƙatin Ƙarnul Manazil. Lambobin ma na Faranhait ne, 250 ɗin nan 121 ke nan a ma'aunin da muka saba. Can sai ƙauri ya cika gaban mota kamar an manta mai a kasko, inji na kuka, mota kuwa sai jan ciki take.

Godiyata ta farko ga wani direban tirela ɗan Sudan, wanda ko sunansa ban tambaya ba. Hannuna na kan makulli ya ƙwala mini kira kada in kashe. Ya ce in fitar da giya, in riƙe inji a wajen juyi 1,200 a minti, man ya ci gaba da zagayawa har ya huce. Ya bar mini ruwan sanyi da dabino ya wuce. Allah Ya haɗa shi da mai taimakonsa a ranar da yake nema.

Sai ƙanina da samarin unguwarmu da suka zo da motar ja bayan isha'i. Har sun ɗaura sarƙa Kawu, wanda daga baya ya gyara mini motar, ya kira ya ce kada taya ta motsa sai an kwance farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giya zuwa tayoyi, domin famfon man giya da inji yake juyawa, in aka ja ta a kashe sai cikin ya ci kansa a bushe. Suka kwanta a ƙasa da fitilar waya suka kwance.

Kawu, kai kam ban san ta inda zan fara ba. Kafin in zo wurinka wata warsha, wato garejin gyaran mota, ta ce mini giyar ta mutu, in kawo kuɗin wata. Kai kuwa ka zaro sandar awo, ka ɗiga man a bayan hannunka, ka shinshina, ka murza da yatsa kana neman ɓurɓushin ƙarfe. Ka ce, "Ɗana, ta ji jiki amma da sauran kwananta. Zafi ne ciwonta." Ranar na fahimci abin da shekara biyu ina tuƙi ban sani ba. Wannan kwanon da ke tsakanin inji da giya, wanda makanikan nan ke kira baɗɗiha, wato kankana, da mai yake miƙa ƙarfi, kuma duk lokacin da mota ke fama da tudu a ƙaramar giya dafa man yake yi. Abin sanyaya man na asali kuma da ruwan lagireto yake aiki. To in ruwan kansa ya kusa tafasa, da me zai sanyaya wani? Ka ce wanda zazzaɓi ya kayar ba ya jinyar ɗan uwansa.

Na so in sayi ƙaramin lagireton mai irin na ƙananan motoci don ya fi araha, ka hana. Ka nuna mini bakin tiyonsa, bai kai ɗan yatsana ba, ka ce zai shaƙe man ne ya ƙara mana aiki. Muka nemo babba mai faɗin tiyo daidai da na asali, aka haɗa shi a layin da mai ke komawa giya bayan ya fito daga na asalin, aka yi masa mazauni a bayan kan mota nesa da salansa. Fankar da za ta hura masa iska ma sai da muka zaga sana'iyya, wato unguwar makanikai da masu kayan gyara, kwana biyu, don wutar motar volt 24 ce, ta 12 kuwa ita ta cika kasuwa. Aka sa mata makunnin da ke tayar da ita da kansa in man ya ɗau zafi. Aka zubar da ƙonannen mai, aka canza matata, aka auna sabon man yayin da inji ke aiki kuma man da ɗuminsa, tunda sabon layin ya ƙara yawan man da giyar ke ɗauka.

Mai walda da ya yi mazaunin, na gode. Surukina da ya yi mako uku yana sayen ruwa bai taɓa ɗaga mini murya ba, Allah Ya ƙara arziki. Uwargida, ke da kika miƙo kuɗin adashinki ban roƙa ba, na san da bashin, kuma zan biya kafin azumi in sha Allah.

Kawu ya ƙi karɓar ko riyal ɗaya. Na tura yaro da ambulan, ya dawo mini da ita da saƙon cewa in kawo motar ranar Asabar, akwai wata mahaɗar tiyo da yake zargin tana ɗan tsatsafo.