Yadda ake kiyasin yawan masu buga gem a kwamfuta, waya da na'urorin wasa

Idan kamfani ya ce mutum miliyan 100 ke buga gem ɗinsa, a fara tambaya: me ya ƙirga? Na'urorin da aka sayar, asusun da aka buɗe, sau nawa aka sauke manhajar, ko waɗanda suka buga a cikin watan? Kowanne lissafinsa daban, kuma kamfani yakan zaɓi wanda ya fi kumbura ya kai wa 'yan jarida.

Na'urorin wasa su ne masu sauƙi. Nintendo da Sony suna fitar da alkaluma duk bayan wata uku: Switch ta wuce miliyan 150, PlayStation 2 kuma ta haura miliyan 160. Sai dai na'ura ba mutum ba ce. A ciki akwai wadda ta lalace, da wadda ke kwance a shago, da guda ɗayan da yara huɗu ke rububi a kanta. Microsoft kuwa tun 2015 ya daina faɗin yawan Xbox da yake sayarwa, don haka yawancin adadin da ake yaɗawa a kanta kiyasin masu nazarin kasuwa ne.

A kwamfuta aikin ya fi cin rai, kuma kowa Steam yake dubawa, wato manhajar da ake sayen gem ana bugawa a kwamfuta. Tana nuna yawan mutanen da ke kanta a lokaci guda, wanda ya kai miliyan 40 a Maris ɗin 2025. Nan ake yawan zamewa. Kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai ke cikin wasa a wannan lokacin, sauran manhajar ce a buɗe suna wani aikin. Kuma adadin lokaci guda bai kama ƙafar na wata ba, domin Valve, mai Steam, ya ce masu shiga a wata sun kai miliyan 132 a 2021.

In gem ɗaya ake son aunawa, da can shafin Steam Spy yana leƙa asusun mutane ya ƙirga abin da suka mallaka. A Afrilun 2018 Valve ya ɓoye wannan jerin, sai wanda ya ga dama ya buɗe nasa. Abin da aka koma yi shi ne a ɗauki yawan sharhin da masu saye suka rubuta a ninka shi sau 30 zuwa 60. Gem mai sharhi 2,000 ke nan ya sayar da kwafi 60,000 zuwa 120,000. Dabarar tana rushewa a gem na kyauta, da wanda aka karya wa farashi sosai, da wanda aka sayar a haɗe da wasu. Sannan Fortnite, Minecraft da League of Legends ba sa Steam sam, ga miliyoyin da ke bugawa a WeGame, makamanciyar Steam ta kamfanin Tencent a ƙasar Sin.

Waya ta fi jama'a, ta kuma fi yaudara. Google Play matakala yake nunawa: 10M+, sai 50M+, sai 100M+. Gem mai saukewa miliyan 11 da mai miliyan 49 tambari ɗaya suke ɗauke da shi. Apple ba ya nuna adadin ko kaɗan, Google Play ba ya aiki a Sin, masu tura wa juna fayil ɗin APK (fayil ɗin girka manhaja a wayar Android) kuma ba sa shiga lissafi. Uwa uba, saukewa ba bugawa ba ce. Masu sana'ar suna ganin gem ya yi ƙoƙari idan kashi 40 sun dawo washegari, kashi 10 kuma suna nan bayan kwana 30. A ra'ayina, adadin saukewa ba shi da wani amfani in ba a haɗa shi da na masu shiga kullum ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tara ukun wuri guda. Kiyasin Newzoo, kamfanin nazarin kasuwar gem, na 2024 ya ba waya kusan biliyan 2.8, kwamfuta kimanin miliyan 900, na'urorin wasa sama da miliyan 600. In an tara sun wuce biliyan 4, amma jimillar da ya bayar wajen biliyan 3.4 ce, saboda mai PlayStation yana da waya a aljihu. Cire wannan maimaicin ba ya yiwuwa da alkaluman ciniki, sai an yi tambayoyin jin ra'ayi ƙasa bayan ƙasa, a tambayi kowa na'ura nawa yake bugawa a kai.