Yadda na rubuta labarin daren Bethnal Green

Labarin nawa ƙirƙira ne, amma daren da na gina shi a kai ya faru da gaske, a Landan, ranar 3 ga Maris, 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Jiniyar gargaɗin harin jiragen sama ta kaɗa, jama'a suka yi tururuwa zuwa tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Bethnal Green inda suka saba fakewa. Sai aka harba wasu sababbin rokokin kakkaɓo jirage daga filin shaƙatawa na Victoria Park da ke kusa, ƙarar da kunnensu bai saba da ita ba. Wata mata ɗauke da yaro ta faɗi a gindin matakala, cikin duhu, na bayanta suka rufto mata. Mutum 173 suka rasu, 62 daga ciki yara. Ko bom ɗaya bai faɗo a unguwar ba.

Abin da ya ja ni shi ne shirun da ya biyo baya. Jaridu sun ba da labarin ba tare da sunan tashar ba, binciken da alƙali Laurence Dunne ya jagoranta a asirce aka yi shi, rahoton kuma bai fito ba sai 1945. Sai na ƙirƙiri ma'aikaciyar jinya wadda ta kwana tana jera gawarwaki, da safe aka ce ta ja bakinta.

Alƙalami yakan so a miƙar da irin wannan mata tsaye a gaban manya, ta zazzage musu gaskiya, mai karatu ya yi tafi. Na ƙi. Wadda ke jin tsoron rasa aikinta, ƙaninta kuma yana fagen daga, ba ta yin huɗuba. Babin da ya fi cin raina a ƙofar asibiti yake: wani uba, hularsa a hannu yana murza bakinta, ya tambaye ta, "Bom ne, ko?" So yake ta ce e, don ya samu wanda zai tsine wa. Idan ta faɗi gaskiya, ta shaida masa ke nan cewa nauyin maƙwabtansa ne ya danne 'yarsa. Na bar ta ta ce, "A'a, ba bom ba ne," ta tsaya nan. Sauran ya kai shi wata uku yana tona.

Shi ma jami'in da ya hana magana ban mai da shi shaiɗan ba. Yana da hujja: in abokan gaba suka ji, za su yi farfaganda da shi, in kuma mutane suka tsorata da mafaka, za su kwana a gidaje bom ya same su. Na ba shi wannan hujja da ƙarfinta, sannan na ajiye a gefenta abin da shirun ya rufe: tun 1941 hukumar unguwar ta nemi a gyara mashigar tashar, ba a amince ba. Mai karatu ya auna da kansa.

Rayuwar yau da kullum kuwa, daga kundayen Mass-Observation na ɗebo ta, wato abin da talakawa suka riƙa rubutawa a lokacin. Ba Hitila ne ya cika bakinsu ba. Layin kanti ne, da katin rabon sukari, da baƙin labulen taga, da rashin barci. Kuma ba wanda ya san yaƙin zai ƙare a 1945. Wannan sai marubuci ya yi ta tuna wa kansa, don shi ya san ƙarshen, su kuwa gobe ma ba su da tabbas.

Iyaka ɗaya na gindaya wa kaina: ban sa wa ko ɗaya daga mamatan nan magana a baki ba, ban kuma ari sunansu ba. Ministan cikin gida na lokacin, Herbert Morrison, ma, abin da tarihi ya tabbatar ya yi kaɗai na ba shi. Duk hirar da ke cikin littafin a bakin mutanen da ni na ƙirƙira take.