Mahayan Sallah a Tafin Hannu: Sana'armu ta Sassaƙa a Kwamfuta

Mu uku ne a shagon, a cikin birnin Kano, kuma sassaƙa muke yi, sai dai babu gizago babu itace. A kwamfuta muke ƙera 'yan ƙananan siffofi irin waɗanda masu sha'awa ke tarawa su yi musu fenti su jera a kabad, ko su yi wasan yaƙi da su a kan tebur. Yawancin masu sayen kayanmu suna Ingila, Jamus da Amurka. Wasu fayil kawai suke saya ta shafukan intanet na MyMiniFactory ko Cults3D su buga a gida da firintar 3D, wadda ke fitar da siffar a zahiri, wasu kuma mu buga mu aika musu. Kasuwar a cike take da mayaƙan Turai na dā da dodanni, shi ya sa muka kama abin da muka taso muna kallo: mahayan Hawan Daushe, 'yan lifidi, dogarai, masu kakaki da algaita. Tun da UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a Disamban 2024, masu tambaya sun ƙaru.

Kayan aikin ba su da yawa. Kwamfuta mai ƙarfi, allon zane na Huion da alƙalaminsa, sai manhaja. Blender kyauta ce, da ita duk wanda ya zo koyo yake farawa. ZBrush, wadda yanzu take hannun kamfanin Maxon, ta fi daɗin hannu wajen fitar da ƙananan abubuwa, amma da dala ake biyanta, don haka kwamfuta ɗaya ce ke da ita. Ana farawa da dunƙule kamar curin yumɓu, a ja nan a danna can, har ƙirjin doki da cinyoyinsa su bayyana.

Wannan ɓangaren shi ne yake burge mutane, amma ni a wurina rabin aikin ke nan. Abin da ya yi kyau a allo ba lallai ya tsira daga firinta ba, kuma wanda bai sa bugu a ransa tun daga farko ba, zai dawo ya warware aikinsa.

Ga misali. Girman da aka fi saye shi ne milimita 32, wato mutum ya ragu sau hamsin da 'yan kai. Idan ka bi ma'auni na gaskiya, sandar mashi za ta fito kusan rabin milimita, da ka taɓa ta ta karye. Dole mu ninka kaurinta sau biyu ko uku. Zobban sulke kuwa ɓacewa suke yi gaba ɗaya, sai mun girmama su mun rage yawansu kafin ido ya gane sulke ne. Ninkin rawani muna zurfafa shi, don idan mai fenti ya zuba launi mai duhu ya samu inda zai kwanta. Linzami ba ma barinsa yana lilo a iska, muna manna shi da wuyan dokin. Aikin da ya fi cin rai shi ne ɗinkin aska takwas a gaban riga: idan ka yi shi siriri ya shafe, idan ka cika shi ya zama kamar an ɗora igiya. Nan ne nake gane hannun mai sassaƙa.

Bayan haka sai yanka. Doki daban, mahayi daban, hannun da ke riƙe da mashi daban, garkuwa daban. Kowace mahaɗa ana yi mata ɗan turke da ramin da zai shiga, a bar tazarar milimita 0.1 zuwa 0.2, in ba haka ba ba za su haɗu ba bayan sun bushe. Dabarar ita ce a yanka inda tufa za ta rufe: a bakin hannun riga, ƙarƙashin jalala, ko inda amawali ya sauka a wuya. Mai saye bai kamata ya ga layin gam ba. Sannan a duba cewa siffar a rufe take ruf, babu huda ko fuskar da ta juya ciki, a rage nauyin fayil ɗin daga miliyoyin ƙananan fuskokin da suka haɗa siffar zuwa abin da kwamfutar mai saye za ta iya buɗewa, a fitar da shi a STL, wato nau'in fayil ɗin da ake bugun 3D da shi.

Firintocinmu na Elegoo ne, masu aiki da rezin, wani ruwan roba da ake zubawa a tanki mai leda a ƙasansa. Hasken UV ne ke daskarar da ruwan shimfiɗa bayan shimfiɗa, kowace kaurinta milimita 0.05, siffar kuma tana fitowa a kife, rataye da faranti. Duk wani ɓangare da zai fara fitowa ba tare da abin riƙewa ba, sai an yi masa tokara. Manhajojin shirya bugu, Lychee da Chitubox, suna iya sa tokarar da kansu, amma ban yarda da su ba, domin manhaja ba ta san fuska ba, ba ta san ado ba, ko'ina take dasawa. Mu da hannu muke yi. Muna karkatar da siffar wajen digiri 30 zuwa 45, mu tura tokarar baya da ƙasa, sannan mu bi shimfiɗun ɗaya bayan ɗaya muna neman ɗan tsibirin da aka manta, wato ɓangaren da ba shi da tokara: kunnen rawani, bakin likkafa, jelar doki. Tsibiri ɗaya ya isa ya manne a ledar ƙasan tankin ya ɓata duk bugun.

Manyan dawakai na milimita 75 muna ƙwaƙule cikinsu, mu bar bango kusan milimita 2, mu huda ramuka aƙalla biyu a ciki inda ba a gani. Idan babu ramin, siffar na tsotse ledar tana fizga, kuma ruwan da ya maƙale a ciki yakan tsaga ta bayan watanni, tana kan kabad ɗin mai ita.

Kano ma tana da nata sharuɗɗan. Bugu ɗaya yakan ɗauki sa'o'i, idan aka ɗauke wuta a tsakiya sau da yawa aikin ya tafi, shi ya sa firintocin suna kan sola da inbata. Da bazara ruwan yakan tsinke saboda zafi, da hunturu ya yi kauri, lokacin hasken da ya yi daidai a Afrilu sai an sake gwada shi a Janairu. Ƙurar hunturu kuma ba ta barin tanki a buɗe. Rezin ɗin da bai bushe ba yana cin fata, warinsa ma ba na zama da shi ba ne. Ba wanda yake taɓa shi a shagona sai da safar hannu da taga a buɗe, kuma ruwan da muka wanke siffofin da shi ba ma zubarwa a kwata, sai mun shanya shi a rana ya daskare.

Akwai maganar da ba zan tsallake ba. Mutane da yawa a nan ba sa son a sassaƙa siffar mai rai, kuma ina girmama wannan. Ƙanena da muke aiki tare tun ranar farko ya ce mini, "Yaya, ni ka bar ni a kan gini da kayan doki." Haka aka yi. Shi ne ya yi mana Hasumiyar Gobarau ta Katsina da sorayen Gidan Makama da zankwayensu, shi ke ƙera sirdi da kwalkwali da takubba. Kayansa na tafiya sosai, domin masu wasan tebur suna neman gine-ginen da za su jera a filin wasa, kuma irin namu ba su da yawa a kasuwar.

Ba ma saka fayil a kasuwa sai mun buga shi da kanmu, mun cire tokarar, mun haɗa guntayen mun ga sun zauna. Tare da kowane fayil muna haɗa takardar bayanin launuka, don masu fenti na yawan tambaya: rigar dogari ja da kore ce, kuma rawani mai kunne biyu ba kowane mahayi ake sa wa ba, na 'ya'yan sarauta ne.