Tambarin da ke fiffiken Hurricane

Jirgin yaƙin da na haɗa shi ne Hawker Hurricane na roba, ƙirar kamfanin Airfix, ma'aunin 1:72. Fikafikan na gaske sun ɗan haura mita 12, nawa kuwa santimita 17 ne kacal. Kano ce ta sa na zaɓe shi. Daga watan Satumba na 1940, Ingila ta riƙa kawo irinsa a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi da ke Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, su taso ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy (N'Djamena ta yau) da Khartoum har Masar.

Haɗa gangar jikin ba ya cin rai. Ka yanko kowane ɓangare da abin yanke farce, ka goge bakinsa da sanfefa mai laushi, ka gwada shi a mazauninsa kafin gam ya taɓa shi. Fenti kuwa a tsinka shi, a shafa sau biyu ko uku. In lokacin hunturu ne, kifa masa kwano da zarar ka ajiye burushi, don ƙura ba ta da kunya.

Inda aikin ya tsayar da ni shi ne takardar tambari. Zobba ne iri-iri, wasu da rawaya, wasu babu fari, kuma ba ado ba ne. Faransa ce ta fara sa wa jiragen soja tambarin ƙasa a 1912: shuɗi a tsakiya, fari, ja a waje. Turawan Ingila sun shiga yaƙin 1914 da tutarsu a jikin jirgi, sai ya zama daga ƙasa gicciyen tutar yana kama da na Jamus, har nasu suna buɗe musu wuta. Kafin shekarar ta ƙare suka ari zoben Faransa suka juya launukan, ja ya koma tsakiya.

Daga nan kowane fagen daga ya yi masa nasa gyaran. A 1940 na gangar jiki yana da zoben rawaya mai faɗi don ya fito a kan fentin ɓad-da-kama, na saman fiffike kuwa ja da shuɗi ne kawai, kada farin ya tona asirin jirgi. A 1942 aka tsuke farin da rawayan. A gabas, ɗigon jan ya zama masifa saboda yana kama da jar ranar da ke jikin jiragen Japan, Amurka ta cire shi daga tauraron da ke jikin jiragenta a Mayun 1942. Jiragen Ingila na Burma, inda sojojinmu na Afirka ta Yamma suka yi yaƙi, suka koma shuɗi mai duhu da mai haske. Wato kafin ka jiƙa sitika ɗaya, sai ka yanke shekara da fagen da jirginka yake. Ni na ɗauki farkon 1941, hanyar Masar.

Manna shi sai da haƙuri. Na fara shafa fenti mai ƙyalli, don a kan mai kaushi iska takan maƙale a ƙasa, gefen sitikar ya yi fari-fari. Na tsoma ta a ruwan ɗumi, na zamo da ita daga takardar da jiƙaƙƙen burushi, na danne da auduga. Ɗigon jan ne mai ban haushi: ya kauce da ƙwayar gero ɗaya, ido zai gani tun daga bakin ƙofa.